Mai Sauka Shi Ke Kawo Mai Hawa

Baƙon da ya shigo unguwar yana neman ofishin gidauniyar taimakon makarantu ba ya shan wahala. Duk wanda ya tambaya zai nuna masa gida mai koriyar ƙofa a ƙarshen layi, ya ce masa, "Ka buga da ƙarfi, tana can cikin kwalaye." Ofishi kam babu shi, ba a ma taɓa yin sa ba. Gidan wata tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ne, wadda sunanta ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun ana cewa gidan gidauniya har aka koma kiran ta Gidauniya ita kanta, jikokinta ma Kaka Gidauniya suke ce mata. Mijinta ne kaɗai, tsohon direban babbar mota, yake kiran ta Shugaba, shi ma don neman tsokana.

Gida ne mai yalwa, amma a kaikaice ake tafiya a cikinsa. Falon ya zama na alli da littattafai, an jibge kwalaye har sun toshe taga. Ɗakin da 'ya'yanta maza suka tashi a ciki ya cika da bencina masu karyayyun ƙafafu, suna jiran kafinta. Na 'yan matan kuwa buhunan kayan makaranta ne da takalma, an rubuta lambar ƙafa a jikin kowane buhu. Har ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanayen baƙin fenti na shafa allo. Wata siririyar hanya ce kawai ta rage daga ƙofa zuwa ɗakin kwana, mai ƙiba sai ya riƙe numfashi kafin ya wuce. Direba yakan ce ya tsufa yana juya tirela a lungu, amma bai taɓa gamuwa da kwanar da ta kai ta falonsa wuya ba.

Ba wani ne ya tura ta cikin wannan ramin ba, da hannunta ta haƙa abinta. Tun tana da goyon fari aka yi wata iska da ruwa da ta kwashe rufin ajujuwa a makarantun gundumar. Iyaye suka gaji da jiran ofishin ilimi, suka haɗu suka kafa gidauniya, wani tsohon hedimasta ya ja musu gaba. Da yake ba su da wurin ajiya, duk abin da aka samo a gidan da yake haya ake saukewa. Aka yi rufi, aka sayi bencina, abu ya yi kyau. Rana ɗaya Hedimasta ya gaji, ya tattara iyalinsa ya koma garinsu ba tare da ya miƙa wa kowa komai ba. Mai gidan hayar ya fito da kayan waje. Ruwa ya jiƙe littattafai, masu dogon hannu suka yi gaba da sauran, gidauniya ta mutu murus. Yara suka koma zaman ƙasa, har da ɗanta na fari, wanda kullum yake dawowa da wando baƙi ƙirin.

Ita ta bi gida-gida ta sake tayar da gidauniyar. A taron farko ta miƙe, jini na tafasa, ta bugi tebur ta ce ba za a sake maimaita abin Hedimasta ba. Daga yau kaya a gidan shugaba za su zauna, don ko sisi ba za a kai haya ba alhali akwai yaron da ba shi da fensir. Kuma shugaba ba ya sauka sai ya kawo wanda zai hau, ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Na tsaya masa," a kwashe kaya a kai gidan sabon. Aka yi ta tafi. Ana gama tafin aka ce to tunda ita ta kawo dokar, sai ta fara. Ta karɓa tana murmushi, a zatonta shekara biyu ce ta miƙa wa wani.

Gaskiya dai an yi aiki, wannan ko maƙiyi ba ya musu. An yi famfo a kowace makaranta, an gina wa 'yan mata banɗaki nasu, an buɗe ɗakin karatu, an kai yaran da ba sa ganin allo an yi musu tabarau. Sai dai da ofishin ilimi ya ga an samu jakin ɗaukar kaya, sai ya miƙe ƙafa. Ƙofa ta ɓalle, a je wurin Gidauniya. Alli ya ƙare, a je wurin Gidauniya. Ɗakin ajiyar da suka yi alkawarin ba ta kuwa, tun gashinta yana baƙi ake dubawa, har ya yi fari ba a gama dubawa ba.

Ana nan sai ƙodar Direba ta gaza. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda kowane mako har iyakar rayuwarsa, na'urar kuwa sai a babban asibitin birnin da babban ɗansu yake aiki, tafiyar wuni guda a mota. Ɗan ya kira ta a waya ya ce, "Mama, na gyara muku ɗaki. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ku, ku biyu. Kar ki ce min gidauniya, don Allah."

Ba ta ce ba, don ita ma tana son tafiyar, so mai tsanani wanda har ya ba ta kunya. Ƙuruciyarsu ta ƙare yana kan hanya tana jira. Da ya ajiye tuƙi kuma ya dawo gida, sai ya tarar ita ce kullum a hanya, daga wannan makaranta zuwa waccan. Ga shi mutum ne da ko wuta ke cin sa, in ka tambaye shi zai ce lafiya lau. Ita kaɗai ta san in ya fara shafa ƙeya ciwo ya kai masa ko'ina. Wa zai gaya wa likitocin birni haka? Abin da ya rage mata kawai ta sami mai hawa kafin ƙarshen wata.

Ta fara da Tela, wanda ya fi kowa daɗewa a kwamiti. Bai ko tsayar da kekensa ba.

"Haba Anti Gidauniya! Ni da shago ɗaya da ɗaki ɗaya? Bencinan a kaina zan ɗora su? Ki sa ni ɗinkin riguna ko dubu ne in yi kyauta, amma wannan ki rufa min asiri."

Ta wuce wurin Mai Kemis. Shi kam har kujera ya ba ta, ya tausaya, ya tambayi jikin Direba, ya ba da shawarar magani. Da aka zo kan magana sai ya rage murya, ya waiga bayansa.

"Wallahi da don ta ni ce da na karɓa. Amma uwar 'ya'yana ta rantse, ranar da kwali ɗaya ya shigo ta ƙofar gaba, ita za ta fita ta ƙofar baya. Kin dai san halinta."

Lauya, wanda ba a taro sai ya yi jawabi, ya ce ai doka mutum ne ya yi ta, ana iya gyara ta a zama ɗaya. Ta ce to madalla, in an gyara, kayan ina za a kai su, kuma wa zai riƙa buɗe wa hedimastoci ƙofa da sassafe? Ya duba agogonsa ya ce yana da shari'a.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari cewa Gidauniya tana neman magaji. Mutanen da da suke tsallako titi su gaishe ta suka koma tsallake titi don kada su haɗu. Iyayen da 'ya'yansu ke zaune kan bencinanta in sun hango mayafinta sai su tuna sun bar tukunya a wuta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta da bakin zagin kowa, ai wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ta sha tunanin ta rufe gidan ta miƙa mabuɗi ga duk wanda ta gani ta shiga mota. Da ta rufe ido sai ta ga littattafan Hedimasta a kwata, sun kumbura da ruwa, sai ta ji ba za ta iya ba.

Mutum ɗaya ya rage, kuma tun farko ta san da ita, kewaye ta kawai take yi. Wata nas ce a ƙaramin asibitin unguwa, ana kiran ta Lamba Ɗaya, don tun daga aji ɗaya har ta gama ba wanda ya taɓa shan gabanta. 'Yar wata mai wanki ce da mijinta ya rasu ya bar ta da ita. Gidauniya ce ta gan ta a bakin aji ƙafa ba takalmi, ta ɗauki nauyinta, ta tsaya mata har ta sa farin kaya. Inna take ce mata, Direba kuma Baba. Ita da uwarta suna zaune a ɗaki biyu bayan kasuwa.

Gidauniya ta shirya kalamanta tun daga gida, ta maimaita su a hanya. Ta tarar da layin masu juna biyu a baranda, ta zauna tana jira. Lamba Ɗaya na hango ta ta taho da gudu-gudu, ta kama hannunta ta ja ta cikin ɗakin allura.

"Inna! Ai yau da yamma nake shirin zuwa gidanku. Sun ɗauke ni, Inna! Karatun likitan nan, sun ɗauke ni. Watan gobe za mu fara."

Shekara da shekaru yarinyar nan tana nema ana mayar da ita. Gidauniya ta rungume ta, ta sa mata albarka, kuma har zuciyarta ta yi murna. 

"Ke kuma me ya kawo ki, Inna? Ko jikin Baba ne?"

Nan fa. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta kuma san amsar. Yarinyar za ta ce, "To, Inna." Ba ta taɓa ce mata a'a ba, ba ta ma san ta inda ake fara faɗar ta ba. An ce alheri danƙo ne, to danƙon kenan, duk wanda ka shafa wa ya liƙe.

"Jinina na zo ki auna min," in ji Gidauniya.

Lamba Ɗaya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska. "Inna, ya hau fa sosai. Me ke damun ki?"

"Tsufa, 'yar nan. Shi ma kina da allurarsa?"

Da ta koma gida ta tarar da Direba a ɗan filin da ya rage tsakanin gado da bango, ya ɗora kumburarrun ƙafafunsa kan gwangwanin fenti, rediyo na ta surutu.

"Kin tambaye ta?"

"Ban tambaya ba. Ta sami karatun."

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "To, Shugaba, ai sai in yi gaba, kya taho in kin sami mai hawa. Da can ma ni ke tafiya kina gida."

"Da can da ƙafarka kake tafiya, kuma kana dawowa."

"Yanzu ma in an wanke ni tas zan dawo miki sabo fil, har ki kasa gane ni."

Ta yi dariya don ya ji daɗi. Ya kai hannu ya shafa ƙeya, ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Taron gidauniya a aji ake yin sa, manya su takure kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Gidauniya tana gaba, a kujerar malami. An gama maganar rufin da ke yoyo, an gama ta famfon da ya lalace, kowa na kaffa-kaffa kada a taɓo maganar da kowa ya sani. Sai aka turo ƙofa, Lamba Ɗaya ta shigo da kayan aikinta a jiki. Gidauniya na ganin yadda Mai Kemis ya sunkuyar da kai ta gane. Bakin nan nasa da ba ya riƙe ko ruwa, ya je ya kwashe komai ya zuba wa yarinyar a kunne.

Lamba Ɗaya ta gaida manya, ta tsaya gefen allo.

"An ce Inna na neman mai karɓa, an rasa. To ga ni, ni zan karɓa."

Kai, ka ga farin ciki a fuskar mutane! Tela ya ɗaga hannu sama yana godiya. Lauya ya miƙe zai yi jawabi kan matasa da kishin al'umma. Waɗanda mako guda suna ɓuya a bayan ƙofa su ne suka fi kowa tafi, har ƙurar alli na tashi. Kowa ya san yarinyar nan karatu za ta tafi, kowa kuma ya yi kunnen uwar shegu, tunda dai ba falonsa za a cika ba.

Saura abu ɗaya, Gidauniya ta miƙe ta ce, "Na tsaya mata."

Kada a yi mata ƙarya, ta so ta faɗa. Ta hango ɗakin da ɗanta ya gyara, ɗaki mai taga a buɗe, wanda mutum zai miƙe hannu bai taɓa kwali ba. Ta hango kanta a kujera kusa da na'urar, tana bare wa Direba lemo, tana gaya wa likita gaskiyar abin da yake ji. Kuma ba ita ta roƙa ba, yarinyar ce ta kawo kanta, wa zai ce ta yi laifi? Har ta dafa tebur.

"Karatunki fa?" ta tambaya a hankali.

"Karatu zai jira, Inna. Jikin Baba ne ba zai jira ba."

"Karatu ba ya jira. Ni ma shekara biyu na ce."

"Na riga na yanke shawara."

"Ɗaki biyu gare ku."

"Na yi magana da Mama, za mu koma ɗaya."

Gidauniya ta dube ta da kyau. Ta san wannan tsayuwar, ta san wannan haɓar da aka ɗaga. Mai zuwa na ɗaya kowace shekara ba ta san ja da baya ba. In ta lallashe ta, za ta ƙara kafewa. In ta ce mata don ina son ki nake hana ki, to ta ƙara mata wani nauyin kenan a kan wanda take ɗauke da shi. In ma ta ƙi tsaya mata yau da daɗin baki, gobe da safe za ta gan ta a ƙofa ta fasa tafiya, ta zo taya ta jera kwalaye. Abu ɗaya ne zai kore ta har ta kai inda za ta, kuma Gidauniya ta san shi. Sai ta shafa wa idonta toka, ta miƙe.

"Ban tsaya mata ba."

Tafin ya yanke.

"Ke a wa? Jiya-jiya na tsince ki a bakin ajin nan ƙafa duk faso, ni na durƙusa na sa miki takalmi. Rigar da kika yi makaranta da ita daga buhun ɗakina ta fito. Littafinki, fensirinki, har sabulun da kika yi wanka da shi. Yau don kin sa farin kaya sai ki ɗauka kin isa ki zauna inda na zauna? Gidauniyar nan ba ta lalace ba da za a miƙa ta ga 'yar mai wanki. Je ki nemi abin yi."

 Tun da aka kafa gidauniyar ba a taɓa yi wa yaro gori ba. A baƙar leda ake kai takalmi gidajen mutane don kada maƙwabta su sani, kuma ita da kanta ta taɓa korar wani daga kwamiti saboda ya ce wa wani yaro "mu muka yi ka". Yau ga shi daga bakinta, a gaban kowa, har da sunan sana'ar uwa.

Lamba Ɗaya ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. 

"Na gode, Inna," ta ce. "Ban san kina riƙe da su ba."

Ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

Taro ya watse ba a ko rufe shi ba. Tana tattara jakarta ta ji Mai Kemis yana ce wa Tela, ba da wata ƙaramar murya ba, "Ashe duk neman magajin nan wasa ne. Mulkin ne ba ta son saki." Tela ya ce, "Mutum kenan." Ta rataya jakarta ta wuce. Gara su faɗi haka, kuma gara ya kai kunnen yarinyar.

Labari ya riga ta isa gida. Direba ya bar ta ta ajiye jaka, ta zauna bakin gado, sannan ya ce, "Shugaba, wannan ƙaryar ta fi ƙarfin bakinki. Yaya aka yi ta fito?"

Nan kukan da ta danne tun daga aji ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa ya ce, "In kira ta in gaya mata?"

"In ka gaya mata ban yafe ba. Tana jin gaskiya za ta kwance jakarta."

"To sai ta tafi tana ƙin ki?"

"Ta tafi dai."

Ranar tafiya babban ɗansu ya iso da safe. Bai yi mata faɗa ba, don uban ya riga ya ja masa kunne, amma bai iya kallon ta ido cikin ido ba. Ya riƙa fitar da kaya ta siririyar hanyar nan, akwati a ka, yana buge kwalaye yana tsaki. Ita kuwa ta ƙulle magunguna kashi-kashi, ta sa rediyon cikin tawul, ta cusa masa hular sanyi don an ce ɗakin na'urar akwai sanyi. Idanunta sun kumbura sun yi ja, kwana biyu kenan ba ta da aiki sai kuka. Ta yafa mayafi. Ta shirya za ta shiga motar ta raka su har bakin gari, ta dawo a tasi, ko ba komai ta ƙara ɗan zama kusa da shi.

Ɗan ya leƙo daga ƙofa. "Mama, Lamba Ɗaya na waje. Ta zo yi wa Baba sallama, ita ma gobe za ta wuce. Na ce ta shigo, ta ce nan ma ya isa. Wai za ta bi mu har tasha ta nuna min yadda zan riƙa kwantar da shi a hanya."

Gidauniya ta tsaya cak. Direba ya dubi fuskarta, ita ma ta san abin da ya gani. Matar da ta ƙi sakin mulki ba ta da irin waɗannan idanun. Yarinyar kuwa aikinta kenan, duba fuskar mutane ta gane abin da suke ɓoyewa. Kallo ɗaya zai ishe ta.

Ta zame mayafin daga kanta.

"Je ka, ga shi nan fitowa," ta ce wa ɗan.

A cikin hanyar nan suka yi sallama, tsakanin kwalayen alli da na littattafai, inda mutum biyu ba sa iya tsayuwa kafaɗa da kafaɗa. Yana gaba, ya juyo da ƙyar, tana bayansa.

"In likita ya tambaye ka, kar ka ce masa lafiya lau."

"To me zan ce masa? Ai gaisuwa ce."

"Ka ce masa inda ke ciwo. Ka ji ni ko?"

"Na ji, Shugaba." Ya kama hannunta, nasa ya yi sanyi, yatsun sun kumbura. "Sai yaushe?"

"Sai an ba da hutu."

Ya san hutu shi ne lokacin fentin alluna da gyaran bencina, lokacin da ko zama ba ta samu. Ta san ya sani. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya saki hannun, ya bi hanyar a kaikaice yana dafa kwalaye, ya fita. Ɗan ya janyo ƙofar.

Ta matso ta tsaya a bayan ƙofar. Tana jin komai. Ta ji muryar yarinyar tana cewa, "A hankali, Baba, ɗaga ƙafar, bari in sa maka matashi." Ta ji Direba yana tsokanar ta, wai in ta zama likita shi za ta fara yi wa aiki kyauta. Sannan ta ji ya ce, "Innarki tana ciki fa."

"Na sani, Baba."

Aka rufe ƙofar mota, aka tayar da inji. Ɗan ya ɗaga murya, "Mama! Za mu tafi fa! Ba za ki fito ba?"

Ta nemo muryar da take tsawata wa 'yan kwamiti da ita.

"Ku sauka lafiya, ina da aiki!"

Sannan ta cusa gefen mayafin a bakinta ta cije, don ƙofar gidan ba ta da kauri.